Jiniyar Gidan Gwadabe

A layin da ke bayan kasuwar Farin Gada ba wanda ya taɓa ganin takardar da ta mai da Gwadabe injiniya. Dillalin dankali ne da kabeji, sana'ar da ya gada a wurin mahaifinsa. Amma shekarun baya ya taɓa make wata rediyo da tafin hannu ta kama magana, tun daga ranar ya raɗa wa kansa Injiniya, ya kuma riƙe sunan ƙam har mutane suka gaji suka bar masa. Shi kansa ya san iyakar iliminsa. Ko ƙwan lantarki ne ya mutu a gidan, sai ya jira matarsa Mariya, Maman Ummi, ta shiga kicin kafin ya fara gwada ta wane gefe ake murɗewa.

Abin ya samo asali ne daga wata Lahadi da safe. Maƙwabcinsa Baba Pwajok, tsohon hedimasta, ya dawo daga coci da matarsa Kaneng suka tarar an ɗauke musu tukunyar gas. Bayan kwana uku aka kwashe wankin gida biyu daga kan igiya da rana tsaka. Magidantan layin suka zauna a ƙarƙashin bishiyar mangwaro suka yanke shawarar kafa kwamitin tsaro, za a zaɓi shugaba ranar Asabar ta sama. Kowa ya san Hedimasta za a ba. Sai Gwadabe ya miƙe ya gyara hula.

"Hedimasta, da girmanka, amma zamanin usur da tocila ya wuce. Ku ba ni mako guda. Zan tsare gidana daga cikin aljihuna, in kun gani da idonku sai ku zaɓa."

"Daga cikin aljihu," in ji Hedimasta, yana kallonsa ta saman tabarau. "To, Malam Gwadabe, Allah ya sa aljihun ba shi da huji."

Washegari Gwadabe ya zo da Ekenedilichukwu, mai shagon kayan lantarki a cikin gari, wanda kowa ke kira Ekene. Ekene ya kafa wani farin akwati a bangon falo ya sa masa sim, ya maƙala ƙananan na'urori masu jin motsi a tsakar gida da kan katanga, ya sa wa get makulli mai aiki da lantarki. A kan rufin kwano kuma ya ɗora jiniya da lasifika mai faɗin baki irin ta masu tallan magani. Da ya gama ya goge hannu ya ce, "Oga, ka zauna na koya maka. Za ka kira lambar akwatin, ka sa lambar sirri guda huɗu. Ɗaya, gida ya kulle. Biyu, ya buɗe. Uku, ka ji abin da ake yi a gida. Huɗu, ka yi magana a lasifika. In ka sa lambar sirri ba daidai ba sau uku..."

"Ekene, kai mai sayarwa ne, ni injiniya ne. Ka taɓa ganin an koya wa direban tirela tuƙa keke?"

"Oga, ko Madam ya zo ya ji."

"Madam tana da aikinta."

Madam ɗin kuwa tana zaune a bakin ƙofar kicin tana feraye dankali, ba ta ɗago kai ba. Ekene ya juya wajenta ya ƙarasa bayaninsa kamar da bango yake magana, ya ɗauki jakarsa ya tafi.

Saura aiki biyu, Gwadabe ya ce da kansa zai yi su. Na farko shi ne sa lambobin mutanen da akwatin zai kira in jiniya ta tashi. Ya sa tasa, ya kuma nemi ta Insifeto Sylvanus, wani ɗan sanda mai ritaya da ke ƙarshen layin. Na biyu shi ne ɗaukar muryar da lasifika za ta saki in wani ya haura katanga. Ya tsaya gaban akwatin ya yi gyaran murya sau uku, ya kumbura ƙirji, ya zuba jawabi. Yana cikin yi Mariya ta jefo masa magana daga kicin, ya galla mata harara ta cikin bango, ya danna wani maɓalli da ya tabbata na gogewa ne, ya ce gobe zai sake ɗauka. Goben ba ta zo ba.

Ranar Talata da hantsi yana kasuwa, zaune a kan buhun dankali, abokan sana'a sun kewaye shi. Ya ɗaga waya sama yadda kowa zai gani.

"Daga nan inda nake zan kulle gidana. Ko ƙuda ya gifta sai na sani."

Ya kira, ya sa lamba, ya danna ɗaya. Abin da ya manta shi ne akwai mutum a gidan. Mariya ta fito da bokitin wanki, ta taka tsakar gida, jiniya ta tsage da kuka. Kaji suka watse, ɗaya ta faɗa rijiya. Mata suka firfito, masu shaguna suka fara jan ƙofofi, domin a Jos ba a jin irin wannan ƙara a tsaya tambaya. Mariya ta ruga get ta tarar a kulle. Shi kuwa yana kasuwa wayarsa na ruri, yana nuna wa mutane yana murmushi.

"Kun gani? Ta kama wani."

Da ya iso a kan acaɓa, bai tarar da Insifeto Sylvanus ba. Wadda ya tarar a ƙofar gidan ita ce surukarsa, Inna, mahaifiyar Mariya, ta sauko daga keke-napep tun daga Dilimi, mayafi a ɗaure a ƙugu, taɓarya a hannu. A cikin wayarsa sunan Inna ne ke saman na Insifeto, yatsansa ya zame bai lura ba. Tsohuwa na tsaka da tankaɗe aka kira ta, ta ɗauka ta ji jiniya na kuka da lambar da ba ta sani ba, ta kira 'yarta ta ji wannan kukan dai a bayanta.

Gwadabe ya durƙusa har ƙasa. "Inna, barka da zuwa. An zo lafiya?"

"Lafiyar ke nan. Ina ɓarawon?"

Ya kira akwatin ya danna biyu, jiniya ta yi shiru, get ya buɗe. Mariya ta fito da kumfar sabulu har gwiwar hannu.

"Ga ni, Inna. Ni aka kama."

Da yamma ya gaya wa 'yan layin gwaji ne, kuma an ci nasara, tunda cikin minti ashirin agaji ya iso daga Dilimi. Ya yi niyyar cire lambar Inna, amma bai san ta inda ake cirewa ba, kuma kiran Ekene na nufin saukar da kai. Ya bar ta.

Ranar Alhamis ya ga ya kamata ya farfaɗo da martabarsa a kasuwa. Ya ce yau zai jiyar da su abin da ake yi a gidansa. Ya kira, ya faɗi lambar sirrin da ƙarfi yana dannawa don su ji yadda ake yi, sannan ya danna huɗu a maimakon uku. Aka kasa kunne, ba a ji komai ba. Ya ce sabis ne, ya jefa wayar a aljihun gaba bai kashe ba, hira ta ci gaba.

A layin bayan kasuwa kuwa, lasifikar da ke kan rufin ta yi gyaran murya. Hedimasta na zaune a ƙofar gidansa da jarida, Kaneng na tsince acca, Mariya ta leƙo aron rariya. Sai ga muryar Gwadabe daga sama, garau kamar ta mai sanarwa.

"Hedimasta? Mutumin kirki ne, amma wanda aka ɗauke wa tukunyar gas shi zai tsare layi? Ai ko kyanwa ka ba shi ajiya sai ta ɓace."

Hedimasta ya ninke jaridar ya ajiye a cinya.

Lasifikar ta ci gaba: "Kai, zuba manyan dankalin a sama, ƙananan a ƙasa. Sau nawa zan gaya maka?"

Wata mata da ta sayi buhu a wurinsa shekaranjiya ta ce, "Allah ya isa."

Muryar ta sake saukowa: "Ni fa kullum sai na biya wajen Maman Yael mai abinci na ci gwatenta kafin in je gida. In na isa sai in ce wa Maman Ummi cikina ne ba daɗi. Ka san mace, sai da dabara."

Kaneng ta dubi Mariya. Mariya ta karɓi rariya ta ce na gode, ta koma gida a hankali. Minti ashirin da biyar lasifikar ta yi tana aiki, har da wata waƙa da ya rera wadda bai san baitinta na biyu ba.

Da la'asar ya shigo layin yana taku ɗai-ɗai, ya ga kowa na kallonsa, ya ɗauka kwarjini ne. Ya yi wa Hedimasta sallama.

"Sannu da dawowa, Malam Gwadabe. Ina da kyanwa, ko za ka ajiye mini? Ni ba a ba ni amana."

Gwadabe ya tsaya. Ya shafa aljihu, ya ciro waya, ya ga kiran da ya yi tun hantsi da tsawon lokacinsa. Ya ɗaga kai ya dubi lasifikar. Ita ma kamar tana dubansa.

A gida aka ajiye masa kwano a rufe. Ya buɗe ya ga ruwan zafi da yankan lemon tsami.

"Maman Ummi, wannan fa?"

"Na masu ciwon ciki ne, Malam. Allah ya ƙara sauƙi."

Ya shanye tas. Sannan ya tuna rabin kasuwa sun ji lambar sirrinsa, ya lallaɓa gaban akwatin ya yi ta danne-danne har Allah ya taimake shi ya canza ta zuwa shekarar haihuwarsa. Ya gaya wa Mariya haka, yana alfahari, ya ce wannan ko a mafarki ba zai manta ba.

Wani mai hankali da ya janye daga takarar. Gwadabe ma ya yi wannan tunanin, na kamar minti biyu. Sai ya ga in ya janye yanzu, labarin gwate ne zai bi shi har kabari, gara ya rufe shi da babban abu. Ya aika gida-gida cewa taron Asabar a ƙofar gidansa za a yi, za a ga gwaji na ƙarshe, kuma akwai shinkafa.

Asabar da ƙarfe goma sha ɗaya aka jera benci. Magidanta goma sha huɗu suka zauna, har da Insifeto Sylvanus, mata na tsaye daga baya. Gwadabe ya fito cikin babbar riga mai ruwan toka wadda sitati ya sa take ƙara in ya motsa. Ya ce dole gidan ya zama ba kowa, ya sa Mariya ta fito.

"Malam, shinkafa na kan gas."

"Minti ɗaya ne. Kullewa da buɗewa."

Ya yi jawabin da ya fi minti goma a kan tsaro a ƙasashen da bai taɓa zuwa ba. Sannan ya kira, ya sa lamba, ya danna ɗaya. Get ya yi ƙas, ya kulle. Insifeto ya tashi ya jijjiga shi, ya gyaɗa kai. Wasu har da tafi. Gwadabe ya ji daɗin da bai taɓa ji ba tun ranar rediyo, ya ƙara wani jawabin. Sai da Mariya ta ce tana jin ƙauri sannan ya sake kira don ya buɗe.

A nan ne kansa ya ɗauke wuta. Ɗazu yatsansa ne ya danna lambar ba tare da ya yi tunani ba. Yanzu da ido ashirin da takwas ke kansa, sai ya tsaya tunani, tunanin kuwa ya kawo masa shekaru fiye da ɗaya. Ya danna wata, muryar akwatin ta ce ba daidai ba.

Mariya ta matso ta yi ƙasa da murya, amma ba ƙasa sosai ba. "Wacce ka sa? Ta katin zaɓe, ko wadda kake faɗa a majalisa, ko ta gaskiya?"

Benci ya fara girgiza. Ya danna ta biyu, ba daidai ba.

"Malam, ka tsaya in gaya maka..."

"Maman Ummi, wannan aikin injiniyoyi ne. Koma wajen mata."

Ta koma. Ya danna ta gaskiya, wadda rabonsa da ita tun makarantar allo. Muryar ta ce an toshe wannan layin na awa guda, ta kashe. Ya ci gaba da riƙe wayar a kunne yana cewa "to, to, madalla," kamar ana ba shi bayani. Ta saman katanga wani siririn hayaƙi ya fara fitowa daga tagar kicin, ƙauri ya cika layin. Gas ne a kunne, gida a kulle, kuma duk abin da ya mallaka na ciki.

"Jama'a, minti biyu. Akwai wata waya da zan duba ta baya."

Ya zagaya ta lungun bayan gidan da sauri, ya tattare riga, ya taka wani tsohon bulo, ya kama katanga. Rabonsa da hawa katanga shekara talatin, ko talatin da biyar, gwargwadon shekarar da aka bi. Da ƙyar ya ɗora ciki a sama. Yana ɗorawa jiniya ta tashi, ya firgita, wayar ta suɓuce ta faɗa cikin gidan, babbar rigar ta kife masa a ka ta maƙale a ƙarfen da ke kan katangar. Ya rage kai da hannuwa a ciki, ƙafafu da sauran jiki a waje. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi. Sai lasifika ta buɗe baki da muryarsa.

"Kai ɓarawo, ka shigo gidan Injiniya Gwadabe, namijin da ba ya ja da baya. Ka tsaya inda kake, domin ni..."

Sai muryar Mariya, daga nesa amma tar: "Malam, in ka gama ka zo ka fitar da ɓeran nan da ya sa ka hau kan kujera jiya."

Lasifikar ta tsaya na daƙiƙa biyu, ta sake farowa daga farko.

Abin da Gwadabe bai sani ba shi ne Inna na hanya tun kafin jiniya ta tashi, Mariya ta gayyace ta cin shinkafa. Kiran akwatin ya same ta a cikin keke, a bakin lungun. Wannan karon ba ta zo da taɓarya ba, lema ce a hannunta, mai ƙarfen kai. Ta sauko ta ga ƙafafun ƙato na reto a katangar 'yarta, ba fuska. Ba ta tambayi kowa ba. Ta gyara tsayuwa ta fara.

Gwadabe ya gane muryarta tun a bugu na farko, don tana yi tana lissafa wankin mutane da tukunyar gas. Ya rasa abin yi. In ya yi ihu, ta gane shi, kunya ta kashe su duka biyu. In ya yi shiru, lema ta ci gaba. Ya zaɓi shiru har bugu na bakwai, sannan daga cikin rigar ya ce a ladabce, "Inna, barka da zuwa."

Lemar ta tsaya a sama. Daidai nan 'yan taro suka kwararo cikin lungun, Insifeto a gaba. Suka tsaya cirko-cirko, lasifika na ba su labarin ɓera karo na shida.

Mariya ba ta bi su ba. Ta ciro 'yar ƙaramar wayarta mai tocila, wadda aka ɗaure bayanta da roba, ta kira lambar akwatin, domin ta ji Ekene na cewa kowace waya na iya kira in an san lambar sirri. Ta danna lamba huɗu, ta danna biyu. Get ya buɗe, jiniya ta mutu. Ta wuce kicin ta kashe gas, ta sauke tukunya, ta buɗe tagogi, ta kwashe abin da ya tsira a cikin kula. Sai da ta gama sannan ta zagayo ta tsaya ƙarƙashin katangar daga ciki, ta ɗaga gefen rigar ta sami fuskar mijinta.

"Wacce ce?" ya tambaya da raɗa.

"Akwai ta huɗu, Malam. Wadda ka faɗa wa Babana ranar da ka zo neman aurena."

Mutum huɗu ne suka sauko da shi, rigar ta bar rabin hannunta a sama. Inna ta ja mayafi ta rufe fuska ta shige ɗakin 'yarta, ta ƙi fitowa sai da Kaneng ta je ta lallashe ta. Aka dawo da benci tsakar gida, aka ci shinkafa mai ɗan ƙauri, aka zaɓi Hedimasta ba hamayya. Gwadabe na tsaye a gefe. An yi masa tayin wuri sau biyu, ya ce ya fi jin daɗin tsayuwa.

Da aka nemi ko akwai mai magana, ya yi gyaran murya. "Jama'a, kun dai gani. Ko mai gidan ne ya haura, na'urar ba ta san sani ba." Ya dubi hannun rigarsa da ke kaɗawa a kan katanga, dariya ta ƙwace masa, ya dafa ƙugu saboda zafi. "Wallahi ban san komai a kanta ba. Ku tambayi Maman Ummi."

Hedimasta ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce na'urar dai ta yi aiki, kwamiti zai duba yiwuwar sa irinta a bakin layi, Maman Ummi ce za ta riƙe lambar sirri. Ya ce kuma ana buƙatar wanda zai riƙa haura katanga sau ɗaya a wata don a tabbatar tana lafiya, kuma layin nan mutum ɗaya ne ke da gogewa.

Gwadabe ya tambaya ko muƙamin na da suna. Aka ce Jami'in Gwaji. Ya juya sunan a baki, ya ji ba laifi, ya karɓa. Sai ya ce yana da roƙo ɗaya: kafin gwajin wata mai zuwa, a cire lambar Inna daga cikin akwatin.

Insifeto Sylvanus ya ce shi bai goyi baya ba, a shekara talatin da biyar da ya yi yana aiki bai taɓa ganin agajin da ya kai wannan sauri ba. Hedimasta ya ce to a kaɗa ƙuri'a, masu son a bar lambar su ɗaga hannu. Hannu goma sha huɗu suka tashi. Gwadabe ya waiga ya ga Inna a ƙofar ɗaki, ido ɗaya a waje ta gefen mayafi, lema jingine kusa da ita. A hankali ya ɗaga nasa.